Waiwaye: Gwajin Cutar Mantuwa da Tsofaffin da Ba Su Yi Makaranta Ba

A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali a birnin Frankfurt na Jamus. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya tambaye ta sunanta da na mijinta, sannan ya miƙa mata alƙalami ta rubuta sunan. Ta fara, ta tsaya a tsakiya. Harshensu ɗaya, kuma ta iya rubutu tun kafin ciwon ya same ta, saboda haka kasawarta shaida ce. Tun daga wannan zaman aikin gano cutar mantuwa ya ginu a kan tambaya da amsa, kuma aka daɗe ba a lura cewa tambayar ita ma tana da ƙasarta da harshenta ba.

A 1975 Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka fitar da gajeren gwajin da ake kira MMSE a Amurka. Maki 30 ne, wanda ya kasa kai 24 ana yi masa zaton larura. Da yake minti goma ya ishe shi, sai ya bazu duniya. To amma duba abin da ke cikinsa: a ɗebe bakwai daga ɗari har sau biyar, maki 5. A karanta umarni a rubuce, a rubuta jimla, a kwafi zanen siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar, maki ɗai-ɗai. Ka zaunar da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba. Za ta juya shi a hannu, ta dubi jikanta, ta ce, "Ɗana, ni ban yi makaranta ba." Maki 8 na iya tafiya ke nan, ta koma 22 tun ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ba, alhali ita ce ke riƙe da sunayen jikoki talatin da wanda duk take bi bashi. A ganina wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Gyaran farko shi ne sassauta ma'auni. A birnin Shanghai, ƙarshen shekarun 1980, aka sa maki 17 ya zama iyaka ga wanda bai yi karatu ba. A Brazil, binciken Bertolucci na 1994 ya sauko har 13. Sai dai a nan akwai tarko. Ƙarancin karatu shi kansa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar, don haka in aka sassauta da yawa, marar lafiya na gaskiya zai wuce a ce tsufa ne kawai. A ɗaya ɓangaren kuma, farfesan da ƙwaƙwalwarsa ta fara zaizayewa yana iya cin 28 ya koma gida.

Daga nan aka gane tambayoyin ne ke buƙatar sauyi. A Ballabgarh ta Indiya, 1995, Mary Ganguli da abokan aikinta suka mayar da lissafin bakwai-bakwai labarin mutumin da ke kashe kuɗin mota kullum, nawa ya rage masa. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin haɗin gwiwar Ibadan da Indianapolis ta Amurka da aka fara a 1992, tare da Hugh Hendrie da Kathleen Hall da Adesola Ogunniyi. Gwajinsu, CSI-D, ya haɗa da zama da wani na kusa da tsohon a tambaye shi: ta fara ɓata a hanyar da ta sani? Tana maimaita magana ɗaya? Ta daina abin da ta saba yi da kanta? Wato ana auna mutum da yadda shi kansa yake a da. A Ibadan ɗin ne kuma Olusegun Baiyewu da abokansa suka ajiye fensir suka ɗauko tsinken ashana huɗu: mai gwaji ya jera su a wata siffa, tsohon ya kwaikwaya, har da inda kan kowane tsinke ya fuskanta. Abin da zane ke aunawa shi ake aunawa, ba tare da an kunyata kowa ba.

Ƙungiyar masu binciken cutar mantuwa ta 10/66 da aka kafa a 1998 ta sa ƙorafin a cikin sunanta: kashi 66 cikin ɗari na masu cutar suna ƙasashe masu tasowa, amma binciken da ake yi a kansu bai kai kashi 10 ba. A Ostareliya kuma baƙin haure ne suka sa aka fito da gwajin RUDAS a 2004, mai tambaya irin ta yadda za ka tsallake titi mai cunkoso.

Batun harshe ya fi wuyar warwarewa. Fassara kalma da kalma ba ta isa, domin jimlar da ke da wuyar maimaitawa a wani harshe ruwa ce a wani. Mai harsuna biyu, in cutar ta yi nisa, sau da yawa yakan koma harshen da ya tashi da shi, sai gwaji da harshe na biyu ya nuna lalacewar ta fi yadda take. In ɗansa ne tafinta, tausayi kan sa ya gyara masa amsa bai ma sani ba. Ga kuma nauyin ji, da ciwon damuwa, da ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, duk suna iya kama da mantuwa kuma suna da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar, fiye da kashi 60 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa uku cikin huɗu ba a gano su ba. A Mayun 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano cutar Alzheimer, nau'in mantuwar da aka sa wa sunan likitan nan na Frankfurt. Jini ba ya tambayar mutum ajin da ya kai, wannan ci gaba ne. Amma yawancin waɗanda aka gwada shi a kansu 'yan ƙasashe masu arziki ne, kuma ba zai faɗa wa likita cewa tun bara tsohuwa ta daina gane hanyar ɗakinta ba. Wannan sai an tambayi wadda ke kwana da ita, da harshen da take ji.