Wa ya kamata ya sha antibayotik kafin likita ya taɓa masa haƙori?

Duk lokacin da aka cire haƙori ko aka kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi, ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki, musamman dangin streptococcus, suna shiga jini na ɗan lokaci. Ga yawancin mutane jiki yana share su ba a sani ba. Amma idan ƙofar zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, ta roba ce ko ta ƙarfe, ko ta taɓa lalacewa, sukan manne a can su haifar da ciwon da likitoci ke kira endokadaitis, wanda jinyarsa kan ci makonni ana allura ta jijiya, kuma yana kisa.

Da ana ba kusan duk mai ciwon zuciya magani kafin aikin haƙori. A 2007 ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, AHA, ta taƙaita ƙa'idar, ta sake tabbatar da ita a 2021. Hujjarta ita ce tauna abinci da goge baki kullum ma suna tura ƙwayoyin nan cikin jini, ga kuma illar yawan shan antibayotik. A Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ma ce a 2008 a daina bayarwa gaba ɗaya, kafin ta sassauta a 2016.

Waɗanda ƙa'idar Amurka ta shafa kaɗan ne: wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta roba ko ta ƙarfe, wanda ya taɓa yin endokadaitis, yaron da aka haifa da ciwon zuciya mai sa leɓe ya yi shuɗi kuma ba a gyara ba, wanda aka gyara masa da kayan roba cikin wata 6 na farko ko gyaran ya bar ɓaraka, da wanda aka dasa wa zuciya kuma ƙofarta ta samu matsala. Mai hawan jini ba ya ciki.

Haka aikin ma. Cire haƙori, wankin dasashi da aikin jijiyar haƙori suna buƙata. Hoton haƙori, allurar kashe zafi a wurin da ba ruɓa, da faɗuwar haƙoran yara ba sa buƙata.

Maganin shan sau ɗaya ne, minti 30 zuwa 60 kafin aiki: amoxicillin giram 2 ga babba, wato ƙwaya huɗu ta miligiram 500, yaro kuma miligiram 50 kan kowane kilo na nauyinsa. In an manta, ana iya sha har awa 2 bayan aiki. Amoxicillin dangin penisilin ne, don haka babban da penisilin ba ya karɓarsa sai a ba shi azithromycin miligiram 500 ko doxycycline miligiram 100. Clindamycin an cire shi a 2021 saboda mugun gudawar da yake jawowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayo magani a kemis ana sha kwana biyar bayan an cire haƙori. Wannan bai kare zuciya ba, lokacin da ake buƙatarsa ya wuce.

A Arewa akwai masu ciwon ƙofar zuciya da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro tun ƙuruciya, da yawansu suna karɓar allurar penisilin duk wata. Ƙa'idar Amurka ba ta saka su ba sai in an canja musu ƙofa, Ostiraliya kuwa ta saka su, don haka likitan zuciyarka ne zai yanke. In za a ba su, sai a zaɓi wani magani ba dangin penisilin ba, domin ƙwayoyin bakinsu na iya sabawa da shi. Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan aikin haƙori kuwa, a je asibiti a ɗebi jini a gwada kafin a sha kowane antibayotik.