Silaj: laƙar baƙin mai da ke kashe injin tsohuwar mota

Silaj shi ne baƙin man da ya lalace a cikin inji har ya koma laƙa mai kauri, baƙa ƙirin kamar kwalta. Yana maƙalewa a ƙarƙashin murfin kan inji, a kwanon mai, da cikin siraran hanyoyin da mai ke bi.

Ba dare ɗaya yake haɗuwa ba. Zafi da iska suna ƙona mai a hankali, toka da ɗanyen fetur suna zubowa ciki. Idan an daɗe ba a yi juye ba, wato canjin mai, sinadaran da ke wanke datti a cikin man sai su ƙare, dattin ya kwanta. Gajerun tafiye-tafiye ma suna jawo shi, domin man bai yi zafin da zai kori laimar da ta taru ba. Toshewar bawul ɗin PCV, mai fitar da tururi daga cikin inji, tana ƙara dagula lamarin.

Inda ɓarnar take shi ne rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Da ta toshe, mai ya daina isa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sai inji ya buga.

Mai sayen mota mai arha yakan zuba wa kilomita ido, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Motar da ta yi kilomita 300,000 a kan babbar hanya ana yi mata juye a kan kari ta fi wadda ta yi rabin haka ba kulawa. Sai dai wasu injuna sun yi ƙaurin suna: V6 mai lita 2.7 na Chrysler, da 1.8T na Volkswagen da Audi, da wasu na Toyota na 1997 zuwa 2002. Irin waɗannan, a nemi takardun sabis tukuna.

Kada sandar auna mai ta ruɗe ka. Mai sayarwa na iya zuba sabo jiya. Buɗe murfin da ake zuba mai, ka haska tocila. Launin ruwan ƙasa-ƙasa a jikin ƙarfe ba komai ba ne, tsufa ne. Dunƙulen baƙin abu da kake iya kankarowa da yatsa, wannan silaj ne. Idan fitilar mai tana ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi, ka ja da baya. In an yarda, bakanike ya cire murfin kan injin gaba ɗaya.

Maganin wanke inji da ake zubawa a mai kuwa, ban amince da shi a inji mai laƙa da yawa ba: yana iya ɓamɓaro dunƙule ya kai shi kan rariyar nan. Gara a sauke kwanon mai a wanke da hannu, sannan a riƙa yin juye akai-akai.