Daga Bokiti da Soso Zuwa Digiri na Biyu: Waiwaye Kan Karatun Masu Kula da Lafiyar 'Yan Wasa a Amurka

Daren Litinin, 2 ga Janairun 2023, ana tsakiyar wasan ƙwallon Amurka a birnin Cincinnati, Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ya yi karo da abokin hamayya, ya miƙe tsaye kamar ba komai, sai kawai ya sulale ya faɗi rigingine. Zuciyarsa ce ta tsaya. Kafin 'yan kallo su gane abin da ke faruwa, wani mutum ya riga ya durƙusa a kansa yana danna masa ƙirji, har aka kawo na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Sunan mutumin Denny Kellington. Ba likita ba ne, ba kuma koci ba. Hamlin ya rayu, ya ma koma fili.

Amurkawa na kiran mai wannan aiki atiletik tirena, sunan da ya daɗe yana ɓata musu rai, don duk wanda ya ji sai ya ɗauka mai horar da 'yan wasa ne ko mai koya ɗaga ƙarfe. Alhali ma'aikacin lafiya ne. Shi ne mai naɗe idon sawu kafin atisaye, mai duba targaɗe da gocewar ƙashi, mai gane buguwar ƙwaƙwalwa, mai yanke hukuncin ko yaro zai koma wasa ko zai zauna a benci. A filayenmu akwai mai kama da shi, wato wanda ke shigowa a guje da jaka idan ɗan wasa ya faɗi, sai dai a nan yawanci likitan ƙungiya ne ko mai gashin ƙashi na asibiti. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, da jarrabawarta da lasisinta. Tun daga zangon kaka na 2022 kuma, duk mai son shiga sai ta ƙofar digiri na biyu. Yadda aka zo nan, da yadda abin ya taɓa jami'o'in Kirista, shi za mu waiwaya.

Farkon abin babu wani karatu a ciki. Akan ambaci James Robinson, wanda Jami'ar Harvard ta ɗauka a 1881, a matsayin na farko da wata jami'a ta ba irin wannan aiki. Shi da takwarorinsa bokiti ne da soso da man shafawa da tausa, da ɗan sirrin da kowa ke ɓoye wa ɗan'uwansa. Wasan ƙwallon Amurka kuwa kashe mutane yake yi. A 1905 mace-mace a filin ƙwallo suka kai Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, kuma daga wannan hayaniya aka kafa hukumar da a 1910 ta koma NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i.

A daidai wannan zamani coci na da hannu dumu-dumu a harkar motsa jiki. Ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA, wadda George Williams ya kafa a Landan a 1844, ta buɗe makarantar horar da ma'aikatanta a Springfield ta jihar Massachusetts. A can Luther Gulick ya zana alamar nan mai kusurwa uku, ruhu da hankali da jiki. A can kuma James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Disambar 1891. Naismith ya karanta ilimin addini a Montreal, daga baya ya ƙara da digirin likita. Mutum ɗaya ya haɗa mumbari da fili da asibiti, kuma har gobe jami'o'in Kirista na jingina da irin wannan tarihi, tare da ayar wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa da ke cewa jiki haikali ne na Ruhu Mai Tsarki.

Amma ba coci ce ta mayar da aikin sana'a ba. 'Yan kasuwa ne suka fara. 'Yan'uwa biyu, Chuck da Frank Cramer na garin Gardner a jihar Kansas, masu sayar da man zafi, su suka riƙa buga ƙaramar jarida suna koya wa masu aikin dabaru, tare da tallata hajarsu. An yi yunƙurin kafa ƙungiya a 1938, yaƙin duniya na biyu ya cinye ta. A 1950 aka sake taruwa a Kansas City da tallafin kamfanin Cramer, aka kafa NATA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, da ke nan har yau. William Newell na Jami'ar Purdue, wanda aka fi sani da Pinky, shi ya dage cewa sai an shiga aji. A 1959 ƙungiyar ta amince da manhajar farko, sai dai manhaja ce ta mai neman abinci ta hanya biyu: ɗalibi ya fito da takardar koyarwa a sakandare, ya kuma tanadi darussan shiga makarantar gashin ƙashi idan wannan ba ta yi ba. Shekara goma aka yi kafin a amince da shirye-shirye huɗu na farko a 1969, a makarantun Mankato State da Indiana State da Lamar da New Mexico. A 1970 aka yi jarrabawar shaidar ƙwarewa ta farko a Waco ta jihar Teksas, garin da Jami'ar Baylor ta 'yan Baptis take. Teksas ɗin ce ta fara ba da lasisi a 1971, sannan a 1972 aka amince da karatun gaba da digiri a Indiana State da Arizona.

Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar maganar. Shekaru kusan hamsin, tsarin ya tafi a haka: yaro ya yi digirin farko, ya ci jarrabawa, ya zama mai shaida yana ɗan shekara ashirin da biyu. Daga nan sai ya nemi gurbin ɗalibi mataimaki, wanda suke taƙaitawa da GA. Jami'a ta yafe masa kuɗin makaranta, ta ɗora masa ɗan alawus, shi kuma ya riƙe mata ƙungiya guda, ta kokawa ko ta ƙwallon raga ko ta guje-guje. Tun duku-duku yana ɗakin jinya yana cika jakunkunan ƙanƙara, yana yaga filasta da hannu yana naɗe ƙafafu goma sha biyu kafin a fita atisaye. Da rana ya shiga aji, da yamma ya koma bakin fili, ƙarshen mako yana bayan bas ana tafiyar awa shida zuwa wasa. Bayan shekara biyu ya fito da digiri na biyu da gogewa, babu bashi mai nauyi a wuyansa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: shi ya sami karatu, jami'a ta sami ma'aikaci mai lasisi a farashin gwanjo. Ta wannan hanya ne sama da kashi 70 cikin ɗari na masu sana'ar suka mallaki digiri na biyu tun ba a tilasta wa kowa ba.

Ƙananan kwalejojin Kirista sun ci moriyar tsarin ƙwarai. Yawancinsu ba su da kuɗin talabijin irin na manyan jami'o'in jihohi, kuma wasanni ne ke jawo musu ɗalibai, har a wasu wuraren kaso mai tsoka na masu zama a aji 'yan wasa ne. Kwaleji mai ƙungiyoyi ashirin da cikakkun ma'aikata uku ba ta da abin da ya fi mata ɗalibai mataimaka. Akwai ma wata tsohuwar hanya da ta fi sauƙi, ta almajirci: ɗalibi ya tara awa 1,500 a ƙarƙashin mai shaida, ya ɗauki wasu darussa, ya zauna jarrabawa ba tare da makarantarsa na da amintaccen shiri ba.

Sai dai masu sana'ar na hangen wani abu daban. Hukumar jarrabawa ta BOC ta zama mai cin gashin kanta a 1989. A 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da aikin a matsayin reshen kiwon lafiya. Wanda ya shiga sahun ma'aikatan lafiya kuwa dole ya dubi na kusa da shi, ga masu gashin ƙashi suna haurawa zuwa digirin dakta, ga mataimakan likitoci da digiri na biyu. Aka rufe hanyar almajirci a farkon 2004. A 2006 hukumar tantance shirye-shirye ta CAATE ta fara aiki da kanta. Filin ma ya sauya. Mutuwar Korey Stringer, ɗan wasan ƙungiyar Minnesota Vikings, saboda bugun zafi a Agustan 2001, da dokar Zackery Lystedt ta jihar Washington a 2009, wadda ta hana mayar da yaron da ake zargin ya bugu a ka cikin wasa sai da izinin ma'aikacin lafiya, sun nuna cewa mai jakar nan rai ne a hannunsa. A Mayun 2015 NATA da gidauniyarta da BOC da CAATE suka sanar da cewa digiri na biyu ne zai zama matakin shiga, aka ba makarantu wa'adin shekara bakwai.

Jami'o'in Kirista masu ƙarfi sun bi sahu. Baylor da Liberty ta Lynchburg a Virginia da Cedarville ta Ohio da California Baptist ta Riverside duk sun buɗe karatun a matakin digiri na biyu. Wasu makarantun suka ɓullo da dabarar uku da biyu, wato ɗalibi ya haɗa digirin farko da na biyu cikin shekara biyar. Ƙananan da ba su da malamai masu digirin digirgir ko izinin ba da digiri na biyu, da yawa sun rufe shirin suka koma koyar da kimiyyar motsa jiki, suna tura ɗalibansu wani wuri.

To, ina makomar wanda ya riga ya sami shaida yana son ƙari? A nan gizo ke saƙar. Tsohon digiri na biyu na masu shaida ya rasa kasuwa, tunda sabon shiga da nasa yake zuwa, kuma shirye-shirye da dama sun rufe ko sun rikiɗe. Abubuwa biyu suka maye gurbin. Ɗaya shi ne zaman ƙwarewa na kamar shekara guda a wani fanni, irin na ƙashi da gaɓoɓi, a kwaikwayon yadda likitoci ke yi. Ɗayan shi ne digirin dakta na aiki, DAT, wanda Jami'ar Idaho ta fara a 2011, kuma yawanci ta intanet ake yinsa mutum na bakin aikinsa. Jami'ar Moravian ta garin Bethlehem a Pennsylvania, mai tushe a cocin Moravian, na cikin masu ba da shi. Sauran masu shaida kan karkata zuwa gudanar da wasanni ko lafiyar jama'a ko ilimi.

A ganina an yi gyara an kuma yi ɓarna a lokaci guda. Ɗalibin yanzu ya fi na da sanin magunguna da lafiyar ƙwaƙwalwa da karanta bincike. Amma shekara biyun da a da ake biyansa, yanzu shi ke biya, a jami'a mai zaman kanta kuwa kuɗin ba na wasa ba ne, albashin kuma bai yi tsallen da takardar ta yi ba. Ba mamaki jami'o'i ke kukan rashin ma'aikata, yayin da masu shaida ke tafiya asibitoci da masana'antu da barikokin soja, inda ake tashi aiki a kan lokaci. Jami'ar Kirista kan kira aikin hidima ko kira daga Ubangiji. Kalmar na da daɗi, kuma da yawa sun yarda da ita da zuciya ɗaya, amma tana iya zama mayafin ƙaramin albashi.

Akwai kuma tambayar da ɗalibai kan yi a ɓoye: me ya bambanta naɗin ƙafa na Kirista da na kowa? A takarda babu. Ƙa'idojin CAATE ɗaya ne, jarrabawar BOC ɗaya ce, kuma dokokin ɗa'a na sana'ar sun wajabta kula da kowane majinyaci ba tare da duba addininsa ko yadda yake rayuwa ba. Abin da makarantun ke ƙarawa shi ne malaman da suka sa hannu a kan aƙidar jami'a, da addu'a a aji, da tafiye-tafiyen hidima, da darasi kan yadda za a zauna da matashin da jijiyar gwiwarsa ta tsinke ya ga kamar duniyarsa ta ƙare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don mai jinyar ne ke tare da shi kullum tsawon watanni tara ko fiye, sa'ad da koci ya riga ya saka wani a gurbinsa.

Inda takarda da aƙida ke haɗuwa da jarrabawa ta gaskiya shi ne bakin fili, lokacin da za a ce wa koci a'a. A 2016 manyan rukunan NCAA suka kafa dokar da ta ba likitoci da masu kula da lafiyar 'yan wasa ikon yanke hukunci wanda koci ba zai taka ba. Duk da haka, ranar 29 ga Mayun 2018 Jordan McNair, ɗan wasa mai shekara 19, ya galabaita a atisayen Jami'ar Maryland, ga ma'aikata masu shaida a wurin. Maganin bugun zafi sananne ne, kowane ɗalibi ya haddace shi: a auna zafin cikin jiki, a tsoma mutum cikin bahon ruwan ƙanƙara cikin rabin awa, a sanyaya tukuna kafin a ɗauka zuwa asibiti. Binciken da jami'ar ta sa aka yi ya gano ba a tsoma shi ba. Ya rasu ranar 13 ga Yuni, kuma bayan wata biyu shugaban jami'ar, Wallace Loh, ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran da aka yi, a shari'ance da kuma a ɗabi'ance.