Hannun Wasa Marar Igiya a Kwamfutar Gida

Hannun wasa marar igiya na'ura ce da ake riƙewa da hannu biyu ana sarrafa wasan bidiyo da ita, wadda ke aika saƙon kowane maɓalli ta iska ba tare da an jona ta da komai ba. Kamfanonin Sony, Microsoft da Nintendo sun ƙera irin waɗannan hannaye ne domin akwatunan wasansu, wato PlayStation, Xbox da Switch, amma mafi yawan waɗanda aka fitar daga shekarar 2013 zuwa yau suna aiki da kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka idan an bi musu ƙa'idarsu. A Larabcin titi na Saudiyya ana kiran na'urar da suna yad, wato hannu, ita kuwa PlayStation ana ce mata Soni kawai, har a ce Soni 4 ko Soni 5. Matasan Hausawan Makka, Jidda da Madina, waɗanda da yawansu jikokin mahajjata ne da suka zauna a ƙasar, sukan gauraya harsunan biyu su ce hannun Soni.

Wannan suna da kansa ya nuna inda matsalar take a wannan ƙasa. Hannun da ya fi yawa a gidaje da kasuwannin Saudiyya na Sony ne, alhali manhajar Windows da ke cikin mafi yawan kwamfutoci ta Microsoft ce, kuma hannun Xbox ta fi sani.

Dalilin haɗa su

Maɓallin kibod hali biyu kawai ya sani, ko an danna shi ko ba a danna ba. Sandar analok da ke kan hannun wasa kuwa tana auna gwargwadon karkatar da babban yatsa ya yi mata, haka ma kunamu biyu da ke bayan hannun suna auna zurfin matsi. Shi ya sa a wasan ƙwallon ƙafa ko na tseren mota mai hannu yake iya tafiya a hankali, ya ƙara gudu kaɗan-kaɗan, ya juya ta kowace kusurwa, yayin da mai kibod yake fizge-fizge. A wasannin harbi da na tsara dabarun yaƙi linzamin kwamfuta ya fi hannu saiti, kuma babu mai gardama a kan haka. Akwai kuma dalilin aljihu da na wuri: ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan ɗalibai a Madina, ko ma'aikacin da ke raba ɗaki da wasu a Jidda, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka amma ba shi da talabijin, kuma sayen hannu ɗaya ya fi sayen akwatin wasa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sabo ma yana da tasiri. A hannun Sony sandunan analok biyu suna jere a ƙasa, a na Xbox kuwa ta hagu tana sama ta dama tana ƙasa, kuma yatsan da ya saba da ɗaya yakan yi tuntuɓe a ɗayan. Lokacin da ɗan Saudiyya Musa'id Addausari ya lashe gasar duniya ta wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo, FIFA eWorld Cup, a Landan a shekarar 2018, an buga wasan ƙarshe zagaye biyu ne, ɗaya a kan Xbox ɗaya a kan PlayStation, domin kada wani ya ci gajiyar na'urar da ya saba da ita shi kaɗai.

Hanyoyin da saƙo ke bi

Hanya mafi yaɗuwa ita ce Bluetooth, wadda ke aiki a zangon gigahaz 2.4 kuma ke kaiwa kimanin mita 10 idan babu shamaki. Kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka tana zuwa da ita, amma kwamfutocin tebur da yawa ba su da ita sai an saya musu ƙaramar adafta da ake sokawa a ramin USB. Hanya ta biyu ita ce rediyo na musamman da Microsoft ta keɓe wa kanta. Hannun Xbox 360 na shekarar 2005 bai san Bluetooth ba sam, sai da na'urar karɓa ta musamman mai ɗaukar hannaye 4, kuma igiyar cajin da ake sayarwa domin sa wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗauke da saƙo, abin da ya yaudari mutane da dama. Hannun Xbox One na farko, na shekarar 2013, shi ma ba shi da Bluetooth. Adaftarsa ta Windows ta fito a 2015 kuma tana ɗaukar hannaye har 8. Sai a 2016, tare da fitowar Xbox One S, aka sa wa hannun Bluetooth. Mai sayen na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, zai iya bambance su da ido: a wanda ke da Bluetooth, robar da ke kewaye da maɓallin tambarin Xbox haɗe take da fuskar hannun, a tsohon kuwa haɗe take da ɓangaren sama inda maɓallan kafaɗa suke.

Hanya ta uku ita ce igiyar USB, wadda ta fita daga ma'anar marar igiya, amma ita ce mafita idan komai ya ƙi.

Bambancin harshe

Haɗuwa ta iska rabin aiki ce kawai. Sau da yawa kwamfuta takan nuna cewa hannu ya haɗu, fitilarsa tana ci, amma a shiga wasa a tarar ko motsi babu, ko kuma a danna bugun ƙwallo ɗan wasa ya yi wani abu dabam. Asalin wannan shi ne Windows tana da tsari biyu na sauraron hannaye. Tsohon shi ne DirectInput, wanda ke karɓar kowace irin na'ura amma bai ƙayyade wane maɓalli ne na farko ko na biyu ba, don haka kowane kamfani da nasa lissafin. Sabon shi ne XInput, wanda Microsoft ta fito da shi a 2005 daidai da siffar hannun Xbox 360: sanduna 2, kunamu 2, maɓallan A, B, X da Y, kuma hannaye 4 a lokaci guda. Da yake tsarin yana da sauƙi ga masu rubuta wasanni, sai da yawansu suka rungume shi suka bar tsohon. Hannayen Sony da na Nintendo ba sa magana da XInput, don haka suna bukatar tafinta.

Tafintan da aka fi sani guda biyu ne. Na farko shi ne manhajar Steam ta kamfanin Valve, wadda ta fara karɓar DualShock 4, hannun PlayStation 4, a ƙarshen 2016, ta ƙara Switch Pro na Nintendo a 2018, sannan DualSense, hannun PlayStation 5, a 2020. Duk wasan da aka buɗe ta cikinta, ita take fassara masa saƙon hannun, har ma wasan da ba a cikinta aka saya ba ana iya shigar da shi jerin wasanninta domin ya ci wannan moriya. Na biyu shi ne DS4Windows, manhajar kyauta da masu sha'awa suka rubuta, wadda ke ƙirƙirar hannun Xbox 360 na boge a cikin kwamfuta ta riƙa zuba masa abin da hannun Sony ya aiko. Kuskuren da aka fi yi shi ne kunna su biyun tare, ko barin wasa ya ga hannun gaskiya da na bogen a lokaci ɗaya, sai dannawa ɗaya ta zama biyu, jerin zaɓi ya riƙa tsallake layi, wani lokacin ma wasan ƙwallo ya ɗauka mutum biyu ne suka shigo. Tafinta ɗaya ya isa.

Fassarar tana da farashinta. Idan aka mayar da hannun Sony na Xbox, alamomin da wasa ke nunawa a allo na Xbox ne, don haka sai mai wasa ya haddace cewa A ita ce iks, B da'ira, X murabba'i, Y kuma alwatika. Harafin X shi ya fi rikita sabon shiga, domin a hannun Sony yana ƙasa, a na Xbox yana hagu, a na Nintendo kuwa yana sama. Haka nan XInput bai san faifan taɓawa ko ma'aunin karkata da ke jikin hannun Sony ba, sai dai tafinta ya mayar da su wani abu, kamar motsin linzami. Kunamu masu tauri da sassauci da jijjiga mai laushi da aka san DualSense da su kuwa, a kwamfuta suna aiki ne a wasannin da aka rubuta domin su, kuma galibi sai ta igiya.

Yadda ake ƙulla su

A DualShock 4 ana danne maɓallin PS tare da na Share har sai doguwar fitilar da ke goshinsa ta fara ƙyaftawa fari bibbiyu. A lokacin ne zai bayyana a jerin Bluetooth na kwamfuta da sunan Wireless Controller, ba tare da an ambaci Sony ba, kuma wannan kan sa wasu su wuce shi suna nema. A DualSense maɓallin Create ne ya maye gurbin Share, fitilar kuma shuɗiya ce a gefen faifan taɓawa. A hannun Xbox ana kunna shi, sannan a danne ƙaramin maɓallin da ke samansa na kimanin daƙiƙa 3 har tambarin ya fara ƙyaftawa da sauri. Switch Pro shi ma yana da irin wannan ɗan maɓalli kusa da ramin caji. DualShock 4 da aka ƙulla da kwamfuta yakan manta da akwatinsa, sai an sake jona shi da igiya an danna PS. A gidan da 'yan'uwa ke raba hannu ɗaya tsakanin falo da ɗaki, wannan kaɗai ya isa ya tayar da ƙura. DualShock 3 na zamanin PlayStation 3 ya fi kowa wahala, domin ba ya ƙulluwa ta hanyar da aka saba, sai da manhajar direba daga waje, kuma da wuya wahalar ta biya.

A wajen Windows lamarin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Kwamfutocin Apple sun karɓi DualShock 4 da hannun Xbox mai Bluetooth a hukumance tun fitowar macOS Catalina a 2019, kuma a Linux injiniyoyin Sony da kansu suka shigar da direban DualSense cikin tushen manhajar a 2021.

Jinkiri, zafi da ƙura

Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan milisakan 17 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma jinkirin Bluetooth mai lafiya bai cika zama abin da hannun mutum zai ji ba. Abin da ake ji shi ne yankewa da rawar saƙo, kuma cunkoso ke kawo su. Zangon gigahaz 2.4 shi ne dai wanda Wi-Fi da tandun makirowef ke amfani da shi, kuma a dogayen gidajen haya na Makka ko Jidda, inda kowane ɗaki da na'urar Wi-Fi ɗinsa, iskar cike take. Ramukan USB 3.0 su ma suna fitar da hayaniya a wannan zango, don haka adaftar da aka soka a bayan kwamfutar tebur, tsakanin bango da ƙarfen akwati, kusa da faifan ajiya na waje, tana cikin mafi munin wuri. 'Yar igiyar ƙarin tsawo da za ta fito da adaftar saman tebur, da mayar da kwamfutar kan Wi-Fi na gigahaz 5, sukan magance mafi yawan ƙorafin. Abin kunne da aka soka a jikin hannun Xbox ba ya kawo sauti ta Bluetooth, sai ta adaftar Microsoft ko ta igiya.

Hannayen Sony da Switch Pro suna da batirin litiyam a cikinsu, na Xbox kuwa yana cin batir AA guda 2 da ake cirewa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin zafi yana tsufar da batirin litiyam, kuma hannun da aka bari a cikin mota da rana zai fara mutuwa da wuri. Ƙura kuwa sandar analok take ci. A ƙarƙashin kowace sanda akwai ma'aunai biyu, ɗaya na sama da ƙasa ɗaya na dama da hagu, kowanne da ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kan siririn layin gawayi. Idan layin ya ci ko ƙura ta shiga, sai ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai alhali ba a taɓa sandar ba. A nan kwamfuta ta fi akwatin wasa sassauci, domin Steam da DS4Windows suna ba da damar faɗaɗa da'irar tsakiya da ake watsi da motsin cikinta, ta yadda hannun da aka fid da rai da shi zai ƙara watanni yana aiki. Wasu kamfanoni suna ƙera sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ba su da abin da ke gogar juna.

Sayen na hannu

Jabun DualShock 4 sun yi yawa a kasuwa, kuma kwalinsu kan yi kama da na asali ƙwarai. Wasunsu suna aiki ta igiya amma su ƙi Bluetooth, wasu kuma faifan taɓawarsu ado ne kawai. Wanda zai saya a manyan shaguna irin su Jarir ko eXtra yana da rasit ɗin da zai koma da shi, amma wanda zai saya ta Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, ko a kasuwar gwanjo ta Sawarikh a Jidda ya kamata ya tafi da kwamfutarsa. Idan ya ƙulla hannun, ya rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows, ya buɗe shafin gwaji, zai ga ɗan gicciye a cikin murabba'i da jerin da'irori masu lamba. Ya ajiye hannun a kan tebur ya cire yatsunsa ya dubi gicciyen ko zai tsaya cak a tsakiya, sannan ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowace da'ira ta kama wuta, kafin ya miƙa riyalansa.