Ku Daina Kashe Ƙariya Da Ruwa

A zagayen da muke yi gida-gida a Marwa ta Kamaru, abu ɗaya nake ta tararwa: ƙariya, shukar nan mai ƙaton gindi da jan fure, a cikin tukunya, gindinta ya yi laushi, ganye ya yi rawaya yana zuba. In na tambaya sai a ce, "Wallahi Malam, ba ma fashin ba ta ruwa, safe da yamma." To ai ruwan ne ya kashe ta!

'Yan uwa, ƙariya 'yar daji ce. Ku dubi wadda ke tsirowa a tsakanin duwatsu, wa ke shayar da ita? Wannan ƙaton gindin nata rumbun ruwa ne, da shi take ƙetare rani, har ta yi furenta ja-ja a lokacin da ciyawa duk ta ƙone. In hunturu ya shigo ta kaɗe ganye, hutawa take yi. Amma a nan ne Hajiya za ta ji tausayi ta ƙara mata bokiti guda. Haba Hajiya! Tausayin na da kyau, Allah ya saka, amma ki kai shi wajen tumatir.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne tukunya marar huji, an cika ta da baƙar lakar karal, an kuma bar ta a ƙarƙashin indararo cikin ruwan watan Agusta. Saiwa ta kwana cikin caɓi, ta ruɓe. Wasu har faranti suke sawa a ƙasa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai a bakin ɗakin yara. Mun faɗa, mun sake faɗa.

Ga abin yi a taƙaice: a huda gindin tukunya, a haɗa ƙasa da yashin mayo, wato rafi, da ɗan garin gawayi, a ajiye ta inda rana ke dukanta sosai. Kafin ki zuba ruwa, tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ki ajiye butar. In gindi ya fara laushi, a tuge ta, a yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, a bar ta a inuwa 'yan kwanaki ta bushe, sannan a sake dasawa.

In an yi yankan, a wanke hannu da sabulu, don ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke shafa wa kibiya. Kada ya shiga ido, kada kuma a yar da rassan inda yara da awaki za su kai baki.