Waiwaye: Yadda fata ta riƙa tona cututtukan gadon da ke bi ta wajen uwa

A shekarar 1875 Charles Darwin ya ba da labarin wani gida a yankin Sind, cikin Pakistan ta yau, inda maza goma a zuriya huɗu suka tashi da haƙora 'yan kaɗan, da ƙarancin gashi, da busasshiyar fata wadda ke sa zafi ya galabaitar da su. Abin da ya ja hankalinsa shi ne 'ya'ya mata sun tsira, amma su ne ke miƙa ciwon ga 'ya'yansu maza. Dalilin ya bayyana daga baya: lahanin yana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado a ƙwayoyin jiki, kuma namiji yana da shi guda ɗaya tak, wanda ya gada daga uwa, mace kuwa tana da biyu, don haka mai lafiyar yakan rufa wa ɗayan asiri.

A 1898 Johannes Fabry a Jamus da William Anderson a Ingila, kowanne da nasa majinyaci, suka bayyana wasu ɗigo-ɗigo ja masu duhu da ke fitowa tsakanin cibiya da gwiwa. An ɗauke su ciwon fata kawai, sai daga baya aka gane cewa cutar, wadda ake kira cutar Fabry kuma ita ma ke bi ta X, tana cin ƙoda da zuciya, kuma sai a 2001 aka amince da maganinta a Turai.

Ɓangaren mata ya fi daɗewa a duhu. Likitan fata Alfred Blaschko ya zana layukan da wasu tabbai ke bi a jiki tun 1901, amma sai da masaniyar ilimin gado Mary Lyon ta nuna a 1961 cewa kowace ƙwayar jikin mace tana kashe aikin X guda ɗaya, sannan aka fahimci dalilin da ya sa jaririya mai cutar Bloch-Sulzberger, wata cutar fata da ke bi ta X, ke fitowa da ƙuraje masu ruwa a jere, waɗanda ke rikiɗewa su zama zane mai murɗe-murɗe.

Abin da ke damuna shi ne yawancin hotunan littattafan likitanci na farar fata ne, alhali jan ɗigo a fatarmu baƙi-baƙi yake fitowa. A nan Jos kuma sanyi yana iya ɓoye yaron da ba ya gumi saboda irin ciwon da Darwin ya bayyana, sai an je Abuja da bazara jikinsa ya ɗau zafi, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Likitan da ya san wannan tarihi zai buɗe bakin yaron ya ƙirga haƙora, sannan ya tambayi uwar: "Hajiya, cikin kawunnansa akwai wanda ba ya gumi?"