Waiwaye: Yadda aka yi ta kuskuren auna basirar masu galahanga

Hotuna biyu ne suka fi yawo a kan masu lalurar galahanga, wato otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Ɗaya na yaron da ba ya magana, wanda aka yanke masa hukuncin cewa ba zai koyi komai ba. Ɗayan na gwanin da ke lissafi da ka cikin ƙiftawar ido amma bai iya gaisuwa ba. Idan aka bi sawun kowannensu, za a tarar yawancin kuskuren daga wajen masu awo ya fito: su wa aka duba, da wane ma'auni, kuma me aka bari ba a auna ba.

Likitocin farko ba su ce yaran nan ba su da basira ba. A 1925 Grunya Sukhareva ta rubuta bayanin yara maza shida a Mosko, cikinsu har da masu baiwar kiɗa. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa bayanin yara 11, ya yi maganar ƙarfin haddarsu. Shekara guda bayan nan Hans Asperger ya bayyana yara huɗu a Viyana masu zuba magana kamar manya a kan abin da ya ɗauki hankalinsu, sai dai da Jamusanci ya rubuta, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 1991 aka fitar da fassararsa ta Turanci. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett na garin Forest a jihar Misisifi, ya gama kwaleji, ya yi shekaru yana aiki a banki, yana tuƙa motarsa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

To daga ina aka samo cewa yawancinsu raunin ƙwaƙwalwa gare su? Sharuɗɗan gane lalurar a wancan zamani matsattsu ne, sai wanda abin ya yi wa tsanani ake ƙirgawa. Da su ne Victor Lotter ya sami yara 4.5 cikin kowane 10,000 a Ingila a 1966. A 1978 ya wallafa bincikensa na wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Gana, inda ya ce tara kacal cikin yara 1,312 ne suka cika sharuɗɗan. Amma a cibiyoyin yara masu raunin ƙwaƙwalwa ya nema. Yaron da ke aji yana fama a ɓoye, ko wanda ke gida ana cewa aljanu ne suka taɓa shi, bai shiga lissafi ba. Littattafai suka daɗe suna maimaita cewa kusan kashi 70 cikin 100 na da raunin ƙwaƙwalwa. Binciken Lorna Wing da Judith Gould na 1979 a unguwar Camberwell ta Landan ya nuna lalurar hawa-hawa ce, aka faɗaɗa sharuɗɗan, sai adadin ya sauko. Rahoton CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2023 ya sami yaro 1 cikin 36 'yan shekara takwas yana da galahanga, kuma kusan kashi 38 ne na waɗanda aka auna ke da raunin. Ba ƙaramin adadi ba ne, kuma iyayen waɗannan yara na ɗauke da nauyin da bai kamata a rufe shi da labarin gwanaye ba.

Shi kansa ma'aunin yana da nasa laifi. Gwajin basira na Wechsler, wanda aka fi amfani da shi, yana da sassan da baƙo zai yi wa yaro tambaya da baki ya jira amsa da baki, wasu sassan kuma da agogo ake yinsu. Gwajin Raven daban ne: tambayoyi 60, kowacce zane ce da aka cire mata yanki ɗaya, a ƙasa ga zaɓi shida ko takwas, yaro ya nuna wanda ya cike gurbin. A 2007 wasu masu bincike a Montiriyal ta Kanada, ciki har da Michelle Dawson wadda ita ma mai lalurar ce, suka yi wa yara 38 gwajin biyu. Matsayin yaran a Raven ya ɗara na Wechsler da maki 30 a matsakaici bisa sikelin ɗari, wasu ma da fiye da 70. A ƙasar Hausa matsalar ninkuwa take yi. Gwajin da aka tsara da Turanci, idan aka yi wa yaron da Hausa yake ji, Turancinsa aka auna. Kuma kallon babba ido cikin ido, wanda takardun Turai ke lissafawa a matsayin alamar lafiya, a nan tarbiyya ce ke hana yaro yin sa.

Maki mai yawa shi ma yana ruɗarwa. Wani bincike a Ostireliya da ya duba yara sama da 2,000 ya gano cewa makin basira ba ya nuna yadda yaro zai iya da wanka, sa tufafi, riƙe kuɗi ko tsallaka titi. Ɗalibin da ke cinye lissafi na iya kasa zama a aji saboda ƙarar janareta, sai a ce iskanci ne tunda ai yana da ƙoƙari. Abin da ya fi zama ruwan dare shi ne basira mai tudu da kwari a jikin mutum ɗaya, shi ya sa rahoto mai amfani ke rarraba sakamako: fahimtar magana, furta ta, aikin ido da hannu, saurin aiki, kula da kai. Haɗe su a lamba ɗaya na ɓoye tudun da kwarin baki ɗaya. Tun 2013 kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya koma rarraba mutane mataki uku bisa yawan tallafin da suke buƙata.

Hoton gwani kuwa fim ne ya yaɗa shi. Rain Man na 1988 ya nuna mutumin da ke ƙirga tsinken sakace da ya zube a kallo ɗaya. Kim Peek, wanda aka gina labarin a kansa, daga baya likitoci sun nuna ba galahanga gare shi ba. An haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu. Masu irin wannan baiwa akwai su, kamar Stephen Wiltshire na Landan da ke zana birni bayan ya gan shi daga jirgi mai saukar ungulu. Bernard Rimland ya ƙiyasta kashi 10 na masu galahanga ne ke da ita a 1978, binciken Patricia Howlin na 2009 a kan mutum 137 ya sami kusan kashi 28 da ma'auni mai faɗi. Ko wanne aka ɗauka, mafi yawa ba su da ita, kuma iyayen da ke zaman jiran baiwa ta ɓullo na iya sakaci da koyar da shiga bayan gida da neman ruwa.

Kusan kashi 25 zuwa 30 na masu lalurar ba sa magana ko kalmominsu kaɗan ne, kuma a nan aka tafka ɓarna ta fuska biyu. Da farko an ɗauka rashin magana rashin fahimta ne. Sai a farkon shekarun 1990 wata hanya ta yaɗu a Amurka, inda mataimaki ke riƙe hannun yaro yana danna haruffa, aka yi ta murnar yara sun fara rubuta jimloli. Da aka sa shamaki, aka nuna wa mataimaki hoto ɗaya, yaro wani daban, abin da mataimaki ya gani shi ke fitowa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi watsi da hanyar a 1994, bayan an riga an tuhumi wasu iyaye da laifuffuka bisa saƙonnin da ba 'ya'yansu suka rubuta ba.

Hanyar musayar hoto ta PECS, wadda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985, ta kauce wa wannan rami domin yaro da kansa yake miƙa saƙon. Manya biyu ake buƙata a matakin farko. Ɗaya na gaban yaro riƙe da abin da yake so, misali ayaba, ba ya cewa uffan. Da yaro ya kai hannu, na bayansa zai karkatar da hannun ya ɗauki hoton ayaba ya sa a tafin na gaba, shi kuma nan take ya ba shi ayabar ya ambaci sunanta. Ana janye taimakon sannu a hankali, sannan a nisanta hoton, sannan a kawo hoto biyu, na abin so da na abin da bai damu da shi ba, kafin a kai ga jera jimla. Inda ake ɓata aikin sananne ne: a riƙa tambayar yaro "me kake so?" tun farko har ya saba jiran tambaya, ko a yi jinkirin ba shi abin, ko a kulle littafin hotunan a kabad ɗin makaranta ya koma gida ba shi da hanyar cewa yana jin ƙishirwa.